Maimaici a Tsofaffin Waƙoƙi: Fasaha ko Larura?

Nura Idi-Araba:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da maganar da na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba, amma gara in faɗe ta a gaban masana. A ganina yawancin maimaicin da ke cikin tsofaffin waƙoƙinmu larura ce ta kawo shi. An yi su lokacin da takarda ke tsada, masu karatu kuma kaɗan ne, dole mawaƙi ya riƙa nanata layi ɗaya don jama'a su haddace. Yau waƙa tana cikin wayar kowa. A ɗauki waƙar Tabban Haƙiƙan, a cire wannan kalma daga ƙarshen kowane baiti, a bar ta sau ɗaya a farko. Me ma'ana ta rasa? Ni ban ga ta rasa komai ba. Wanda ya ga akasin haka ya nuna mini.

Bashir Apapa:
Wa alaikumus salam. Nura ka taɓo babba. Ina layin lodi yanzu, zan dawo in faɗi nawa. Malam Habibu, bismillah.

Malam Habibu Agege:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Nura, maimaici na taimakon hadda, babu mai musun wannan. Amma bari in kai ka inda hadda ba ta isa ta zama dalili ba.

Ka san yaƙin Basusa tsakanin ƙabilun Larabawa biyu, Bakru da Taglibu, wanda ruwaya ta ce ya kai shekara 40, kisan Kulaibu, shugaban Taglibu, shi ne ya tayar da shi. Harisu ɗan Ubadu babba ne a cikin Bakru, amma ya janye jikinsa, ya ce ba da shi ba. Ana nan sai Muhalhilu, ɗan'uwan Kulaibu, ya kashe Bujairu, yaron gidan Harisu. Da labari ya iso, dattijon ya danne zuciyarsa, yana zaton jinin yaron zai zama fansar Kulaibu kowa ya huta. Sai aka gaya masa ai Muhalhilu cewa ya yi yaron bai wuce fansar igiyar takalmin Kulaibu ba. A nan ya yi ƙasidarsa da yake ta faɗin "ƙarriba marbaɗan Na'amati minni", wato ku matso mini da turken Na'ama, goɗiyarsa ke nan ta yaƙi.

Rabin baiti na farko ba ya motsi, na biyun ne ke sauyawa. Nan ya ce yaƙi ya ɗauki ciki, nan ya ambaci furfurar kansa, nan tsawon darensa, nan tsadar kashe mai daraja a kan igiyar takalmi. To ka duba. Faɗar farko umarni ce ga bara, a kawo doki. Amma doki sau nawa ake kawo shi? Kafin a je faɗa ta goma babu wani bara da ake magana da shi, rantsuwa ce ta mutumin da ya shekara da shekaru yana guje wa jini, yanzu yana rufe wa kansa ƙofar komawa. In ka bar layin sau ɗaya ka jero dalilan a ƙasa, ka samu labarin mutum mai ƙorafi. Harisun da ya fusata har ya kasa faɗin wani abu sai abu ɗaya, shi kam ka rasa shi.

Nura Idi-Araba:
Allah ya gafarta Malam, na ji wannan, kuma ya shige ni. Amma can akwai labari, akwai fushi, akwai doki. Waƙar wa'azi fa? Mai wa'azi ba fushi ne ya ɗaure masa harshe ba, karantarwa yake yi.

Hajiya Rabi Obalende:
Ɗiyana Nura, wagga waƙa da ka ɗauko misali da ita a bakin kakata na fara jin ta a Sakkwato, tun ban san ma'anar rabinta ba. Bari in gaya maka abin da ka cire in ka cire amshin nan.

Shehu Usmanu da Fillanci ya yi ta, bayan an ci Alƙalawa a 1808, lokacin da mulki ya riga ya dawo hannun jama'arsa. Ka lura, ba Gobirawa yake wa gargaɗi ba, nasa yake wa. Ya rasu a 1817. Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa wajen 1831, ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara wa kowane baiti layuka uku ya zama mai biyar. Jajis ɗinta, matan nan masu malfa, su suka riƙa kai irin waɗannan waƙoƙi ƙauyuka suna koya wa 'yan taru, wato matan da ke taruwa neman ilimi.

A ciki ana ambaton mai mulkin da ya zalunci talakawa, a rufe da tabban haƙiƙan. A ambaci alƙalin da ya karɓi toshi, a rufe da tabban haƙiƙan. A sauko kan talaka da nasa laifin, kalmar dai ita ce, ba a rage mata nauyi ba, ba a kuma tausasa ta don an zo kan mai rawani ba. Kai da ke saurare kana jin sarki da talaka an auna su da magana guda. Wannan daidaito maimaicin ne ke ɗauke da shi a kunnenka baiti bayan baiti. In ka ajiye kalmar sau ɗaya a sama, kowa sai ya zaɓi baitin da ya shafi maƙwabcinsa ya ce da shi ake.

Kuma mu mata mun san wannan daga turmi. Taɓarya wuri guda take sauka, amma hatsin da ta tarar a saukar farko ba shi take tararwa a ta ashirin ba.

Maryam Yaba:
Hajiya Allah ya ƙara lafiya, wallahi na ji daɗin wannan bayani. Ni abin da ya faɗo mini shi ne Suratur Rahman. Ba irin wannan ba ne?

Baba Ilu Mile 12:
'Yata a yi hattara. Ana zancen waƙa, kada a jawo Alƙur'ani ciki.

Alaramma Ɗahiru Alaba Rago:
Baba Ilu ya yi gaskiya, kuma dole a fara da ita. Alƙur'ani ba waƙa ba ne, Allah da kansa ya kore wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, waƙa a cikin Yasin, aya ta 69. Ba a jera shi da ƙasidar kowa. Sai dai malaman balaga idan suna karantar da babin maimaici daga gare shi suke fara ɗauko hujja, don shi ne ƙololuwar fasahar Larabci. A wannan fuska tambayar Maryam tana kan hanya.

Surar aya 78 ce. "Fabi'ayyi ala'i rabbikuma tukazziban" ta zo sau 31. Mu da muka tashi a tsangaya ƙirga irin wannan aikinmu ne. 8 sun biyo bayan ambaton halitta da abubuwan mamakinta, 7 bayan ambaton wuta da tsananin ƙiyama, 8 bayan aljannatai biyu na farko, 8 bayan biyun ƙarshe. Inda Nura zai tsaya ya yi tunani shi ne bakwai ɗin nan. An ce ga Jahannama da masu laifi ke ƙaryatawa, sai a biyo da tambayar wace ni'ima ta Ubangijinku kuke ƙaryatawa. Ina ni'ima a cikin wuta? Masu tafsiri suka ce gargaɗin shi ne ni'imar, tun da an sanar da kai tun kana da damar gyarawa. Ayar ba ta canza harafi ba, amma zuwanta a wannan gurbi ya sa ka fahimci gargaɗi a matsayin rahama. Haka "wailun yauma'izin lil mukazzibin" sau 10 a Mursalat, kowace da abin da ta biyo.

Baba Ilu Mile 12:
To madalla. In dai da wannan ladabi ne babu laifi.

Bashir Apapa:
Na dawo. Ni ba malami ba ne, amma na fi kowa a nan zama da waƙa, don daga Apapa zuwa Kano ita ce abokiyar hirata a mota. Kuma ina bayan Nura a wani ɓangare. Ku saurari marigayi Shata da kyau. Amshinsa gajere ne, 'yan amshi na ta maimaita shi, shi kuwa a wannan ɗan tsakanin yake numfashi, yake shirya ɗan da zai jefo. Haka makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, a kafa gindin waƙa, a yi ɗiya, a koma gindi. Wannan ai larura ce ta mai waƙa, ba wata ma'ana mai zurfi ba.

Malam Habibu Agege:
Malam Bashir, larura da fasaha ba kishiyoyi ba ne. Kowane mawaƙi yana buƙatar wurin numfashi, amma ba kowa ne ya iya zaɓen abin da za a faɗa a wurin ba. Gindin waƙar fada yawanci kirarin sarkin ne. Makaɗi ya tafi ya yi zambo ga abokin gaba, ya yi habaici ga 'yan sarki masu jiran gado, ya dawo kan gindi. Kirarin da aka ji bayan zambo ya fi wanda aka ji a buɗe waƙa kaifi, don yanzu an ga wanda aka kayar.

Bashir Apapa:
Wannan kam haka ne. Wani lokaci amshin da na ji sau da yawa sai wani ɗa ya zo ya sa in ji kamar yanzu aka fara faɗinsa.

Nura Idi-Araba:
To Malam, ga wata. Su Larabawan da kake kafa hujja da su ai su suka ce maimaita kalmar ƙafiya, wato amsa-amon ƙarshen baiti, da ma'ana ɗaya kafin a wuce baiti 7 aibi ne, suka ba shi suna iɗa'i. Mu kuwa ga Imfiraji ta Aliyu Namangi, baiti bayan baiti yana ƙarewa da "ba", kuma mafi yawansu "ba" ɗin korewa ce guda ɗaya. Idan aka auna da ma'aunin da muka aro daga wurinsu, wannan ba aibi ba ne? Ko don namu ne sai mu kau da kai?

Baba Ilu Mile 12:
Yaro, kafin Malam ya ba ka amsar littafi bari in ba ka ta ido. Na zauna a Ebute Metta shekarun baya, kusa da Kano Street inda makafi suke da yawa. Akwai wani dattijo da ke zama bakin hanya da sandarsa a kan cinya, ƙoƙonsa a gaba, yana rera Imfiraji. Da ya kai ɗango na biyar sai ya ja murya ya ɗan dakata, mu da ke tsaye, 'yan dako da masu shayi, sai mu cika masa "ba" ɗin da bakinmu. Har Yarabawan da ba sa jin Hausa sun gane inda take faɗowa. Wallahi na ga ƙato ya ajiye kaya yana share hawaye a wurin. Abin da ke sa mutum kuka a tsakiyar hayaniyar Legas ban san yadda za a kira shi aibi ba.

Malam Habibu Agege:
Baba Allah ya ƙara girma. Nura tambayarka ta ɗalibi ce na gaske, kuma ba zan kau da kai ba.

Dokar iɗa'i an yi ta ne don kama mawaƙin da kalmomi suka ƙare masa, ya koma ya ɗauko wadda ya riga ya yi amfani da ita. Wanda ya ɗaura niyya tun daga baitin farko cewa da abu kaza zai riƙa rufewa, wannan tsari ne ya gina, kuma ya ɗora wa kansa nauyi ne. Farisawa suna da irinsa, suna ce masa radif, kalma ɗaya bayan ƙafiya a kowane baiti, waƙoƙin Hafiz cike suke da shi.

Sannan ka duba yadda Hausa take. Korewarmu ƙafa biyu gare ta, ka ce "bai", ko "ba ta", sai ka rufe da "ba". Mai sauraro da ya ji ta farko ya san ta biyu na tafe, shi ya sa mutanen Baba Ilu suke iya cikawa. Namangi, wanda aka haifa a 1894 ya rasu a 1990, makaho ne, da kunne ya gina waƙarsa, ya san wannan jira sarai. Ga kuma abin da ya fi muhimmanci. Mutumin da ya wajabta wa kansa rufe baiti da korewa, dole tunaninsa ya riƙa bi ta hanyar abin da bai tabbata ba, abin da bai amfana ba, abin da ba a tsere masa ba. Waƙar da ke jan hankali kan ruɗin duniya da zuwan mutuwa, wane amsa-amo ne ya fi wannan dacewa da ita? Jigon ya shiga har cikin ƙafiyar.

Ibn Rashiƙ na Ƙairawan, a ƙarni na 11, ya ware babi guda kan maimaici a littafinsa Al-Umda. Ya ce yana da wuraren da yake kyau da wuraren da yake muni, kuma mafi muninsa shi ne a maimaita lafazi da ma'ana gaba ɗaya. To ni a nan nake tsaye. Ba kowane maimaici nake karewa ba.

Nura Idi-Araba:
Na karɓi wannan a kan Imfiraji. Amma ban karɓe shi a kan kowa ba. Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ta Sa'adu Zungur, amsa-amonta "ya" ne, kuma akwai wuraren da nake jin ƙafiyar ce ke jan malamin zuwa kalmomin Larabci masu nauyi, ba shi ke jan ta ba.

Hajiya Rabi Obalende:
Sa'adu malami ne ɗan malamai, Larabcin nan abincinsa ne, ba aro ya je yi ba. Kuma ka duba kalmomin da ƙafiyar ta tara masa wuri ɗaya: gaskiya, jumhuriya, mulukiya, Nijeriya. Ai gardamar ƙasar ke nan a wancan lokaci.

Nura Idi-Araba:
Hajiya na ji, amma a nan ina nan kan ra'ayina.

Maryam Yaba:
Tun da ga malamai sun hallara, bari in kawo nawa a duba mini. Na rubuta wannan bayan rasuwar mahaifiyata, wata ƙawata ta ce maimaicin ya yi yawa.

Inna ta tafi, murhu ya kwana ba wuta,
Inna ta tafi, an naɗe tabarmar sallarta,
Inna ta tafi, ta bar mu ba ma ganin ta,
Inna ta tafi, jikoki na ƙofa suna jiran ta.

Alaramma Ɗahiru Alaba Rago:
Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta.

Bashir Apapa:
Amin. Allah ya ba ku haƙuri ƙanwata.

Malam Habibu Agege:
Allah ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta. Maryam, kada ki cire maimaicin, hanyar da kika bi tsohuwa ce. Khansa'u da ta yi makokin ɗan'uwanta Sakhru haka ta riƙa cewa "wa inna Sakhran", ta ce shugabansu ne, ta sake kiran sunan ta ce mai yanka wa mutane dabba ne lokacin sanyi, ta sake kira ta ce masu shiryarwa da shi suke koyi kamar dutse mai wuta a kansa. Mai makoki bakinsa ba ya rabuwa da sunan wanda ya rasa, wannan kowa ya sani a gidan rasuwa. Malaman adabin Hausa suna kiran irinsa jaddadar ƙarfafawa.

Matsalarki ɗango na uku ne kaɗai. Na farko ya kai mu madafa, na biyu ya kai mu ɗakinta, kowanne ya ƙara wa "ta tafi" wani abu da ido zai gani. Na uku kuwa "ta bar mu ba ma ganin ta" shi ne dai "ta tafi", lafazi ya dawo, ma'ana ta dawo, abin da Ibn Rashiƙ ya hana ke nan. Shi ƙawarki ta ji ya dame ta, ta ɗora laifin a kan duka. Na huɗu shi ne mafi ƙarfi, don mu mun ji sau huɗu cewa ta tafi, yaran kuwa ba su sani ba. Ba don an nanata mana ba da jiransu bai yi mana ciwo haka ba. Ki nemo wa na uku wani abu nata da aka bari, sannan ki zauna da karin, ɗangogin ba su yi tsawo ɗaya ba.

Maryam Yaba:
Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Akwai awakinta da ta saba ba dusa da yamma, zan gwada da su.

Baba Ilu Mile 12:
Ba a ambaci Ishiriniya ba har yanzu, ga shi ita muka fi ji a Agege duk watan Maulidi.

Alaramma Ɗahiru Alaba Rago:
Ita nata maimaicin na harafi ne Baba. Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, ya bi haruffa ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi baiti 20, kuma baitin da harafin yake farawa da shi yake ƙarewa. Ibn Mahib ya yi mata tahamisin da muke karantawa. Yabon Annabi aka zagaya da shi a kan haruffan Larabci kaf, ba a bar ko ɗaya ba.

Nura Idi-Araba:
Saura tambaya ɗaya Malam Habibu, ita ce ta fi damuna. Burda ta Busiri, baiti 160 ce a yawancin bugu, ƙafiyarta mimun. Amma "Maulaya salli wa sallim" da muke yi tsakanin baitoci, bugu da yawa ba sa ƙirga shi cikin baitocin, masu rerawa ne ke dawo da shi. Idan maimaici yana gina ma'ana kamar yadda kuka ce, to ma'anar wa muke ji a zaman Burda? Ta Busiri ko ta masu karatu?

Alaramma Ɗahiru Alaba Rago:
Salati ne, ba ya buƙatar izinin mawaƙi. Duk inda aka ambaci Annabi ana yi masa salati.

Malam Habibu Agege:
Gaskiya ne Alaramma ta fuskar lada. Ta fuskar waƙa kuwa Nura ya kama wani abu. Busiri ya jera ƙasidarsa tana tafiya daga bege zuwa zargin son zuciya, zuwa yabo, haihuwa, mu'ujizai, Isra'i, jihadi, har tawassuli. Wanda ya karanta ta shi kaɗai a zaune yana jin wannan tafiya a jere. A majalisi kuwa amshin yana tsayar da tafiyar, har baitocin da Busiri ke kuka da zunubinsa sai jama'a su amsa masa da salati, kukan mutum ɗaya ya zama na taro. Ni ina ganin abu biyu ne daban, kuma na biyun masu karatu suna da hannu a gininsa. Alaramma na san ba lallai ka yarda da ni ba.

Alaramma Ɗahiru Alaba Rago:
Ban yarda ba kam. Busiri don a rera ya yi ta, ba don a karanta a ɗaki ba.

Malam Habibu Agege:
To Nura, ka zo da bugun da ke hannunka ranar Asabar bayan la'asar, ni ma zan fito da nawa. Alaramma in ka samu hanya daga Alaba ka zo ka rera mana fasali na biyu, sau ɗaya da amshi sau ɗaya babu, a ɗauka a turo wa su Hajiya su yi hukunci.